Kacici-kacicin Ɓad-da-bami na Jaridun Ingila: Tarihinsa da Ƙa'idojin Warware Shi

1.0 Gabatarwa

Kowace al'umma tana da hanyoyin da take wasa da harshenta. Bahaushe yana da kacici-kacici da zaurance da karin magana da habaici. Turawan Ingila kuwa, cikin shekaru ɗari da suka wuce, sun raya wani wasa na rubutu da ake bugawa a jaridu, wanda suke kira cryptic crossword. A wannan takarda za a kira shi kacici-kacicin ɓad-da-bami, domin an gina shi ne a kan juyar da hankalin wanda bai san hanya ba. Takardar za ta bi tarihin wasan tun daga 1913, ta bayyana dabarun da masu tsara shi ke amfani da su, sannan ta duba abin da zai faru in aka gwada dabarun da kalmomin Hausa. Tambayar da ta ratsa tarihin gaba ɗaya ita ce: ina iyakar yaudarar da ta halatta ga mai tsara wasa a kan mai warware shi?

Akwai kalmomin da za a riƙa amfani da su. Allo shi ne zanen nan mai gidaje kamar na hatimi, inda ake rubuta harafi ɗaya a kowane gida, wasu kalmomin a kwance, wasu a tsaye, suna gicciye da juna. Ƙulli shi ne 'yar jimlar da ake bayarwa don a gano kalma. Wanda ya rubuta jimlar shi ne mai ƙulli, wanda ke neman amsa kuma mai warwarewa.

2.0 Asalin Wasan

Ranar 21 ga Disamba, 1913, jaridar New York World ta Amurka ta buga wani wasa a shafinta na nishaɗi. Wanda ya tsara shi ɗan jarida ne mai suna Arthur Wynne, haifaffen Libaful ta Ingila. Allon nasa mai siffar lu'ulu'u ne, babu baƙaƙen gidaje a ciki, kuma tambayoyinsa a miƙe suke: a ba da ma'ana, a nemi kalma. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya buga littafin farko na irin wannan wasa, aka sayar da shi haɗe da fensir. Kasuwar littafin ta buɗe ƙwarai, wasan ya zama abin yayi a Amurka.

Da farko manyan jaridun Landan kallon raini suka yi wa wasan. Jaridar The Times ta yi masa ba'a a 1924, tana ganin ɓata lokacin ma'aikata ne kawai. Amma jama'a sun riga sun karɓe shi. Sunday Express ta fara bugawa a Nuwamba 1924, Daily Telegraph ta bi sahu a Yuli 1925, ita kanta The Times ta miƙa wuya ranar 1 ga Fabrairu, 1930.

A Ingila ne wasan ya sake kama. Masu ilimin ƙasar sun daɗe da sabawa da kacici-kacicin falo na ƙarni na 19, irin su hargitsa haruffan kalma da rarraba ta gaɓa-gaɓa. A wurinsu, a ce "babban kogin Masar" a rubuta amsa bai kai wasa ba, jarrabawar ƙamus ce. Don haka suka fara cusa waɗancan tsofaffin dabaru a cikin sabon allon.

3.0 Torquemada, Afrit da Ximenes

Mutum na farko da ya mayar da ƙulle-ƙullensa duka na ɓad-da-bami shi ne Edward Powys Mathers, wanda ya rayu daga 1892 zuwa 1939. Mawaƙi ne kuma mai fassara. Shi ne ya juya Dare Dubu da Ɗaya zuwa Ingilishi daga fassarar Faransanci ta Mardrus. Daga 1926 har rasuwarsa yana tsara wasa a jaridar The Observer da sunan aro Torquemada, wato sunan shugaban kotun binciken aƙida ta ƙasar Sifen a ƙarni na 15, wanda ya yi ƙaurin suna wajen azabtar da mutane. Zaɓen sunan ya nuna yadda ya ɗauki aikin. Ƙulle-ƙullensa cike suke da hikima da ishara zuwa ga adabin Ingilishi, amma ba su da tsayayyar doka. Sau da yawa mai warwarewa kan sami amsa ba tare da ya iya tabbatar da cewa ita ce ba.

Wanda ya fara rubuta doka shi ne Alistair Ferguson Ritchie, malamin coci kuma shugaban makaranta, wanda ya tsara wasanni a mujallar The Listener. Ya harhaɗa sunansa na aro, Afrit, daga farkon sunayensa, sai ya dace da kalmar Larabci da Hausa ta ara a matsayin ifritu. A gabatarwar littafinsa Armchair Crosswords na 1949 ya kafa ginshiƙin da har yau ake tsaye a kai. Abin da ya nuna shi ne, mai ƙulli yana da 'yancin ya sa jimlarsa ta yi kama da tana magana a kan wani abu dabam, amma dole ne kalmomin jimlar, in an karanta su ta ɗaya fuskar, su faɗi ainihin abin da za a yi a sami amsa. Wato kowane ƙulli yana da zahiri da baɗini. Zahirin yana iya yin ƙarya, baɗinin kuwa tilas ya faɗi gaskiya.

Magajin Torquemada a The Observer shi ne Derrick Somerset Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital. Shi ma ya ari sunan wani shugaban waccan kotu ta Sifen, Ximenes. Ya riƙe aikin daga 1939 har rasuwarsa a 1971. A littafinsa na 1966, Ximenes on the Art of the Crossword, ya zayyana ƙa'idojin dalla-dalla. Allo ya zama daidai ta kowane ɓangare in an juya shi. Kada haruffan da ba su gicciye da wata kalma ba su yi yawa. Ma'anar da aka bayar ta dace da amsar a ajin nahawu, suna da suna, aikatau da aikatau. Kada a saka kalma ko ɗaya a ƙulli don ado kawai. In za a hargitsa haruffa, to, su kasance a rubuce a cikin ƙullin, ba a ce mai warwarewa ya fara neman wata kalma mai ma'ana ɗaya sannan ya hargitsa ta ba.

Macnutt ya kuma riƙa shirya gasar rubuta ƙulli ga masu karatunsa. Cikin zaratan gasar akwai Jeremy Morse, wanda daga baya ya shugabanci bankin Lloyds, da marubuci Colin Dexter, wanda ya raɗa wa ɗan sandan littattafansa suna Morse saboda shi. A 1972 Jonathan Crowther ya gaji kujerar da sunan Azed. In aka karanta sunan daga baya zuwa gaba sai a sami Deza, wani shugaban kotun dai. Crowther ya yi fiye da shekara 50 yana wannan aiki.

4.0 Wasan a Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu

Abubuwa biyu da suka faru a lokacin yaƙi sun nuna matsayin da wasan ya kai. A Janairu 1942 Daily Telegraph ta shirya gasa a ofishinta, inda aka nemi a warware allo cikin ƙasa da minti 12. Bayan gasar, hukumar yaƙi ta tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice, aka ɗauke su aiki a Bletchley Park, cibiyar da ake fasa saƙonnin sirri na Jamus.

Na biyu ya faru a 1944. Cikin makonnin da suka gabaci saukar sojojin ƙawance a Normandi ranar 6 ga Yuni, sai kalmomin Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune suka fito ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a wasan Daily Telegraph. Dukkansu sunayen sirri ne na shirin harin. Jami'an tsaro na MI5 suka je suka titsiye mai ƙullin, Leonard Dawe, shugaban wata makarantar sakandare da aka ƙaurar daga Landan saboda ruwan bama-bamai. Ba a same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa Dawe kan sa yara su cika masa allo da kalmomi, shi kuma ya rubuta ƙulle-ƙullen, yaran kuwa suna jin waɗannan kalmomi a bakin sojojin Amurka da Kanada da ke sansani kusa da makarantar.

5.0 Yadda Ƙulli Yake

Ƙulli na ƙa'ida yana da sassa biyu: ma'ana, wadda kusan kullum takan zo a farkon jimla ko a ƙarshenta, da wasan haruffa, wanda ke gina amsar ta wata hanya dabam. A ƙarshe akan sa lamba mai nuna yawan haruffa. Tunda hanyoyi biyu ne ke kai wa ga amsa ɗaya, mai warwarewa yana iya tabbatar da amsarsa da kansa. Aikinsa na farko shi ne ya ƙi yarda da zahirin jimla, ya nemo inda ma'ana ta ƙare, wasa ya fara. Ga manyan dabarun.

Hargitsa haruffa. A ƙullin "Listen, confused and quiet (6)", kalmar confused manuniya ce cewa a hargitsa haruffan listen. Ma'anar ita ce quiet, amsar kuwa SILENT. Duk kalmar da ke nuna rikicewa ko karyewa ko maye tana iya zama manuniya.

Ɓoyayyiyar kalma. A "Animal seen in big oat field (4)", amsar tana kwance a fili tsakanin big da oat, wato GOAT.

Jerantawa. Ana gina amsa daga ƙananan kalmomi a jere, kamar yadda car da pet ke ba da CARPET.

Cusawa. A "Fifty in hat applaud (4)", hamsin a lissafin Romawa ita ce L, hula kuma cap. In L ta shiga cikin cap sai a sami CLAP, wato tafi.

Juyawa. Ana karanta kalma daga baya, kamar star da rats, ko Deza da Azed.

Kamancin furuci. Manuniya irin su we hear na nuna cewa amsar tana da sauti ɗaya da wata kalma, kamar night da knight. Wannan dabara takan jawo gardama, domin furucin ya danganta da karin harshe. Mutumin Landan yana furta court da caught iri ɗaya, mutumin Sukotilan kuwa yana furta r, saboda haka a kunnensa ƙullin bai tsaya ba.

Tagwan ma'ana. Ana jera ma'anoni biyu na kalma ɗaya ba tare da wasan haruffa ba.

Bayan waɗannan akwai tarin al'adun da ba a rubuce suke a ƙullin ba, sai dai a koya. Kalmar flower ba lallai fure take nufi ba. Tana iya nufin abin da ke gudana, wato kogi, don haka "African flower (5)" na iya zama NIGER. Kalmar worker kan tsaya a madadin ant, sailor a madadin AB ko tar, the French a madadin le ko la. Harafin O yana fitowa daga love ta wasan tanis ko duck ta wasan kurket, domin dukkansu sifiri suke nufi. Shekara 70 kalmar queen tana ba da ER, taƙaitaccen laƙabin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Bayan rasuwarta a 2022 masu ƙulli da yawa suka koma nuna cewa tsohuwar sarauniya ake nufi.

A nan ne ƙa'idar adalci ta Ximenes ta gamu da iyakarta. Ƙulli yana iya cika kowane sharaɗi na nahawu, amma ya kasance a rufe ga wanda bai taso da kurket da Latin da sunayen gundumomin Ingila ba. Ɗalibin da ya koyi Ingilishi a matsayin harshe na biyu ko na uku yakan tarar cewa abin da ya tsaya masa ba ƙamus ba ne, al'adar wani rukunin jama'a ce da aka ɗauka kowa ya sani.

6.0 Araucaria da Masu Sassauci

Ba kowa ne ya bi Ximenes sau da ƙafa ba. Jagoran ɗaya ɓangaren shi ne John Graham, limamin cocin Angilika, wanda ya fara tsara wasa a jaridar Guardian a 1958. Sunansa na aro, Araucaria, sunan wani itace ne na Kudancin Amurka da Turawan Ingila ke yi wa laƙabi da mai rikita biri. Graham ya yi suna wajen hargitsa haruffan doguwar jimla su ba da wata jimlar mai ma'ana, da gina allo duka a kan jigo ɗaya. Yakan karya doka in ya ga karyawar za ta ba da dariya ko mamaki. A ganin mabiyansa, ma'aunin ƙulli shi ne ko mai warwarewa ya gano amsa kuma ya ji daɗi. A ganin mabiya Ximenes kuwa, in aka bar doka ta yi sako-sako, mai warwarewa ba zai ƙara sanin abin da zai dogara da shi ba, kuma ƙwararre kamar Graham ne kaɗai zai iya karya doka bai cuci kowa ba.

Dangantakar da ke tsakanin mai ƙulli da masu warwarewa ta fito fili a ƙarshen rayuwarsa. A wani wasa da Guardian ta buga a Janairu 2013, ya sanar da masu karatunsa cewa yana fama da ciwon daji na maƙoshi, kuma sai da suka warware ƙulle-ƙullen sannan suka karanta labarin a cikin amsoshin. Ya rasu a Nuwamba na wannan shekara yana da shekara 92.

7.0 Yaɗuwa Zuwa Wasu Ƙasashe

Wasan ya bi harshen Ingilishi zuwa Ostireliya da Indiya da Afirka ta Kudu da sauransu. A Amurka bai kori salon miƙaƙƙiyar tambaya ba, ko da yake mawaƙi Stephen Sondheim ya gabatar da shi a mujallar New York a 1968. Faransawa, waɗanda ɗaliban ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka fi sanin wasansu na mots croisés, wata hanya suka bi. Mashahuran masu ƙullinsu, irin su Tristan Bernard da Georges Perec, wanda ya tsara wa mujallar Le Point wasa daga 1976 har rasuwarsa a 1982, sun fi dogara ga ma'ana guda mai harshen damo, ba tare da rarraba kalma harafi-harafi ba. Wannan ya fi kusa da kacici-kacicin Hausa, inda "Baba na ɗaka, gemu na waje" ke siffanta wuta da hayaƙi ta hanyar hoto.

8.0 Gwaji da Kalmomin Hausa

Gwada dabarun da Hausa yana koya wa ɗalibi abubuwa game da harshen kansa. Dabarar da ta fi dacewa ita ce tagwan ma'ana, domin daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. "Birni ko niƙaƙƙen hatsi (4)" zai ba da GARI, inda tsawon wasalin farko ne ya raba kalmomin biyu a baki. "Itacen miya, aikin jinjiri (4)" zai ba da KUKA, inda karin sauti ne ya raba su. Abin da ke wahalar da mai koyon karatu ya zama jari ga mai ƙulli.

Ɓoyayyiyar kalma ma tana yiwuwa: a "Haka za a ɓoye uwar 'yan tsaki (4)", KAZA tana tsakanin haka da za. Jerantawa kuwa ta fito da matsalar rubutu. "Kurɓa, aikata: abin karin kumallo" zai ba da sha da yi, wato SHAYI. To, gida nawa za a ba kalmar, 5 ko 4? A abacadar Hausa sh da ts baƙaƙe ne masu zaman kansu, haka kuma ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b ba ɗaya ba ne. Dole mai tsara allo ya yanke hukunci tun farko, ya kuma sanar.

Juya haruffa ba ya aiki sosai, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, in an juya su sai su ƙare da baƙi. Amma juya gaɓoɓi, wanda yara suka sani a wani nau'in zaurance, yana ba da gari da riga, dawa da wada, baka da kaba. Haka nan amfani da harafi a madadin lamba ba baƙo ba ne ga wanda ya san ramzi, yadda marubutan waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin haruffa.

Misali na ƙarshe ya koma kan gardamar Ximenes da Araucaria. A duba "Mari ya hargitsa gidan ɓera (4)". Amsar ita ce RAMI, daga haruffan mari, kuma zahirin jimlar ya yi daɗi. Amma a nahawu, aikatau hargitsa ya nuna cewa mari ne ya rikita wani abu, alhali shi ne ake so a rikita. Mabiyin Ximenes zai ce baɗinin ya yi ƙarya, ya gyara zuwa "Mari a hargitse: gidan ɓera (4)", ko da jimlar ta rage armashi. Mabiyin Araucaria zai bar ta yadda take. Ɗalibin da ya iya bayyana bambancin jimlolin biyu ya fahimci aikin wasalin ƙarshe a tsarin aikatau na Hausa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda wasan da Arthur Wynne ya fara a 1913 ya koma wani abu dabam a Ingila: Torquemada ya kawo ɓad-da-bami, Afrit da Ximenes suka yi masa doka, Araucaria ya nuna inda dokar za ta iya lanƙwasa. A kacici-kacicin Hausa, wanda ya kasa yakan ba da gari, a faɗa masa amsa nan take, in kuma amsar ba ta gamsar ba ya yi musu a gaban jama'a. Mai warware wasan jarida shi kaɗai yake zaune da fensirinsa, mai ƙulli ba ya kusa balle a tuhume shi. Wannan ne ya sa masu wasan suka ɗauki shekaru suna jayayya a kan ƙa'ida, kuma duk wanda zai tsara irinsa da Hausa sai ya fara amsa tambayoyin da suka amsa: me za a ƙirga harafi, wane karin harshe za a bi, kuma wane sani ne za a ɗauka kowane mai karatu yana da shi.